Wa ya kashe Onyxia? Yadda ake mayar da duniyar Warcraft littafin zane, da inda aikin yake ɓaci

Duk wanda ya buga World of Warcraft, wasan kwamfuta na intanet, a shekarunsa na farko ya san Onyxia. Baƙar dodanniya ce mai fukafukai da aman wuta, tana kwance a kogonta cikin fadamar Dustwallow, kuma 'yan wasa kan taru har su 40 kafin su iya kayar da ita. Idan ta faɗi, 'yan ɓangaren Alliance su kai kanta birnin Stormwind a rataye a ƙofar gari, 'yan Horde kuma su kai Orgrimmar. Tun fitowar wasan a 2004 jama'a ke ta yin haka, mako bayan mako, kowace ƙungiya tana ganin ita ce ta raba duniyar Azeroth da wannan annoba.

A watan Nuwamban 2007 sai kamfanin WildStorm, wanda reshe ne na DC Comics a Amurka, ya fara fitar da komik, wato littafin labari cikin zane, na wata-wata a kan wannan duniya, Walter Simonson yana rubutawa, Ludo Lullabi yana zane. Labarin ya bi wani mutum da teku ta jefo gaɓa, ya manta ko shi wane ne, aka kama shi aka mai da shi ɗan dambe na fage, aka sa masa suna Lo'Gosh. Daga baya ta bayyana shi ne Varian Wrynn, sarkin Stormwind da ya ɓace. A cikin littafin, da hannunsa ya kashe Onyxia. Kamfanin Blizzard, mai wasan, ya karɓi wannan a matsayin sahihin tarihin duniyar. Ke nan abin da 'yan wasa suka yi ta wahala a kai shekara da shekaru, a hukumance wani ne ya yi shi.

A nan ne babbar matsalar wannan sana'a take. A wasa, jarumin shi ne mai riƙe da linzamin kwamfuta. Shi ya zaɓi jinsinsa da sunansa da makaminsa. Littafi kuwa dole ya nuna fuska guda, ya ce wannan ne ya yi, ga ranar, ga yadda ya yi. Duk marubucin da aka ba wa irin wannan aiki, tambayar farko da zai amsa kafin ya rubuta layi ɗaya ita ce: wa zan sa a kujerar da ɗan wasa yake zaune?

Hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko ita ce wadda aka bi da Varian: a ɗauko wani babba daga cikin mutanen duniyar, a ɗora masa aikin da 'yan wasa suka yi. Tana ba da labari mai ƙarfi, amma tana ƙwace wa mai wasa abinsa. Ta biyu, a zaɓi ɗaya daga cikin ƙarshe-ƙarshen da wasan ya bayar a ce shi ne za a bi. Haka aka yi da Dragon Age na kamfanin BioWare. A wasan farko na 2009, Alistair yana iya zama sarkin Ferelden, yana iya ƙarewa a gudun hijira, yana ma iya mutuwa, ya danganta da abin da ka zaɓa. Komik ɗin da Dark Horse ya fitar a 2012, wanda David Gaider na BioWare ɗin yake cikin marubutansa, ya buɗe da Alistair yana sarki, babu wani dogon bayani. Wanda ya kashe Alistair a nasa wasan sai dai ya yi haƙuri ya karanta. Ta uku, wadda ni nake ganin ta fi tsira, ita ce a bar hanyar da ɗan wasa ya taka gaba ɗaya, a shiga gurbin da wasan ya bari a buɗe: abin da ya faru kafin ya zo, ko abin da ya faru a wani gari yana can yana yaƙi.

Lissafin shafi

Kafin a yi maganar fasaha, akwai lissafi, kuma shi ne yake yanke wa labarin hukunci. A lokacin da waɗannan littattafai suke fita, fitowa ɗaya ta komik ɗin Amurka shafi 22 ne na labari a cikin ɗan littafi mai shafi 32, ragowar talla ne. DC ta rage zuwa shafi 20 a 2011. Kowane shafi yakan ɗauki akwatin zane 5 ko 6. Idan ka ninka 22 da 5, hoto 110 ke nan a wata. Akwai tsohuwar ƙa'ida da editoci suke bi: shafi mai akwati 6, kada kowane akwati ya wuce kalma 35, kada kumfar magana ɗaya ta wuce kalma 25. Iyakar shafi kalma 210 ke nan, iyakar fitowa guda kalma 4,620, kuma babu mai kai wa nan, domin shafukan faɗa kusan babu magana a cikinsu.

To ka kwatanta da wasan da mutum yake shafe ɗaruruwan awoyi a cikinsa. Rubutun ayyukan yanki guda kaɗai ya fi ƙarfin fitowa ɗaya. Saboda haka yanka ake yi, ba ragi ba, kuma abin da aka fara zubarwa shi ne ainihin abin da ake kira wasa: je ka kashe aladun daji 10, tara ganye 8, koma wurin wanda ya aike ka. A hannu yana da daɗi domin kai kake yi, ƙarfinka yana ƙaruwa kana gani. A takarda babu mai karanta shafi uku na mutum yana tsinkar ganye.

Masu zanen Japan biyu da suke aiki da sunan Akira Himekawa sun nuna yadda ake wannan yanka a littafin da suka yi na Zelda: Ocarina of Time, wasan Nintendo na 1998. Juzu'i 2 kacal suka yi. Kogunan da ɗan wasa yake kwana yana warware dabarun ƙofofinsu, su sai su wuce su da 'yan shafuka. Inda suka zauna suka daɗe shi ne abin da wasan bai bayar ba. Link, jarumin labarin, ba ya magana a wasa, su suka ba shi baki da hali. Dodon nan Volvagia, wanda a wasa abokin gaba ne kawai da ake dukan kansa da guduma, suka mai da shi ɗan dodon da Link ya saya ya 'yanta tun yana yaro, don haka ranar da ya zama dole ya kashe shi akwai abin da mai karatu zai ji. Wannan ƙari ne da ba ya taɓa abin da ɗan wasa ya yi, kuma shi ya sa ba a yi faɗa a kansa ba.

Akwai dokokin wasa guda uku da dole marubuci ya yanke shawara a kansu tun daga farko, in ba haka ba labarin zai zube a tsakiya. Na ɗaya mutuwa. A Warcraft idan ka mutu, fatalwarka ta ruga daga maƙabarta ta koma jikinka, ko abokinka mai warkarwa ya tashe ka. Idan littafi ya yarda da wannan, babu mutuwar da za ta sa kowa kuka. Don haka komik yakan yi kamar bai san da dokar ba, wanda ya mutu ya mutu. Na biyu nisa. An matse taswirar wasan don kada mutane su gaji, daga ƙofar Stormwind zuwa ƙauyen Goldshire gudun 'yan mintuna ne. Idan aka zana haka, masarauta za ta koma kamar unguwa. Dole mai zane ya mayar wa ƙasar faɗinta, ya sa dare ya yi a hanya, ya sa a sauka a kunna wuta. Na uku matakin ƙarfi. A wasa lamba ce a saman kan mutum take gaya maka wa ya fi wa. A takarda sai dai a nuna: girman jiki a cikin akwati, inda aka ajiye idon mai kallo, daga ƙasa ko daga sama, da yadda sauran mutane suke ja da baya idan ya shigo.

Yadda shafi yake bi ta hannuwa

Kamfanin littafi ba ya mallakar komai a nan, lasisi ya karɓa. Kusan kowane mataki sai ya koma wurin masu wasan sun duba sun amince, kuma wannan kai-komo shi ne yake cin lokacin da ba a sa a jadawali ba.

Ana farawa da taƙaitaccen labari na zango guda, galibi fitowa 4 zuwa 7, gwargwadon abin da zai cika littafi ɗaya idan an haɗa daga baya. Idan ya wuce, marubuci ya rubuta cikakken rubutu, shafi-shafi, akwati-akwati: me ake gani, wa ke magana, me ya ce. A nan ake lura da juyin shafi. Abin mamaki ana ajiye shi ne a shafi mai lamba cika, wato na hagu, wanda ba a gani sai an juya. Idan ka sa bayyanar fuskar sarki a shafin dama, ido ya riga ya gan ta tun mai karatu yana saman shafin hagu, an yi asarar ta. Matsalar ita ce talla tana iya tura shafi ɗaya gaba a fitowar wata-wata, sannan idan an cire tallar a haɗaɗɗen littafi lissafin ya sake canzawa. Edita mai hankali yakan ƙidaya duka biyun.

Daga nan mai zane ya yi ƙananan zayyana na tsarin shafi, a amince, sannan ya zana da fensir a kan takarda mai inci 11 da 17, wadda za a rage ta koma kusan inci 6.6 da 10.2 a bugu. Wannan ragi yana da muhimmanci ga duniya irin ta Warcraft, inda kowane sulke yake cike da ƙusoshi da sassaƙa da ƙoƙon kai. Layin da ya yi kyau a babbar takarda, idan an rage shi sai ya haɗe da maƙwabcinsa ya zama baƙin tabo. Mai zanen fensir na yau da kullum shafi ɗaya yake gamawa a rana, ke nan shafi 22 sun cinye ranakun aikin wata cif, babu ranar ciwo, babu ranar gyara. To a ƙara masa da jarumai uku ko huɗu, kowa da kafaɗun ƙarfe da suka fi kansa girma, kuma dole su fito iri ɗaya a akwati 110. A wasa sau ɗaya aka ƙera sulken, kwamfuta ce take juya shi. A littafi hannu ne yake sake shi kowane lokaci. Shi ya sa za ka ga an canza mai zane a tsakiyar zango, fuskar jarumi ta canza tare da shi, kamar yadda ya faru a wannan jerin na WildStorm bayan zangon farko. Maganin da ake yi shi ne a roƙi masu wasan hotunan samfurin kowane mutum ta gaba da baya da gefe, sannan a sauƙaƙe sulken tun a fitowa ta farko, a zaɓi alamomi biyu ko uku da ake gane mutum da su a riƙe su. Ga Varian, tabon fuska ne da tsinin haɓa da ɗaurin gashi.

Bayan fensir sai mai tawada, sai mai launi, sai mai rubuta maganganu a kumfa. Duk hoton da zai kai bakin takarda sai an ƙara masa kusan milimita 3 a kowane gefe, don idan wuƙar yanka ta ɗan kauce kada farin layi ya fito.

Launi shi ne inda wasannin tsafi suka fi shan wahala, kuma ba a cika maganarsa ba. Allon kwamfuta haske yake fitarwa, yana haɗa ja da kore da shuɗi. Injin bugu tawada huɗu yake zubawa a kan farar takarda: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Koren wutar aljanu ta Warcraft, wannan mai ƙyalli kamar fitila, da shunayyar tsafi, duk suna wajen abin da tawada huɗun nan za su iya. Idan mai launi ya yi aikinsa a tsarin allo bai duba a tsarin bugu ba sai a ƙarshe, wutar za ta fito kamar ruwan ganye. Ba a gyara wannan da ƙara kore. Ana gyara shi ne da duhunta abin da yake kewaye da wutar, a bar tsakiyarta kusan fari, sai ido ya ɗauka tana haske. Amma duhun ma yana da iyaka: idan jimillar tawada huɗun a wuri ɗaya ta haura kusan kashi 300 cikin ɗari, takarda ba ta shanyewa, shafi ya manne da ɗan'uwansa ko ya shafa masa baƙi. Rubutun kumfa kuma da baƙar tawada zalla ake yin sa. Idan aka haɗa shi da sauran ukun, faranti ɗaya ya ɗan goce, haruffan su yi inuwa, karatu ya yi wuya.

Agogo biyu da ba sa tafiya tare

Komik na wata-wata ana sanar da shagunan sayarwa labarinsa wata biyu zuwa uku kafin ya fito, rubutunsa kuwa an gama shi tun kafin nan. Wasan intanet kuma canzawa yake yi kullum, ana iya soke yanki guda ko a sauya makomar mutum ana saura 'yan watanni. Idan aka dace, abin yana da kyau ƙwarai. Labarin Varian ya zo daidai da fitowar Wrath of the Lich King, sabon ƙarin da aka yi wa wasan, a Nuwamban 2008, 'yan wasa suka shiga fadar Stormwind suka tarar da sarki ya dawo kan gadonsa.

Sai dai a nan wata ɓarakar ta fito. Shekara huɗu mutane sun saba ganin yaro Anduin, ɗan Varian, a fadar, Bolvar Fordragon yana riƙon ƙwarya, ga Lady Katrana Prestor a gefe, wadda Onyxia ce cikin siffar mutum. Akwai ma doguwar aika da take sa ka bi sawun sarkin da ya ɓace, ta ƙare ba ka same shi ba. Yanzu ga shi ya dawo, mai zafin rai, yana ƙin Horde kamar ransa, kuma dalilin duk wannan yana cikin littafin da mafi yawan 'yan wasa ba su taɓa riƙewa ba. Haka aka yi da Kalec da Anveena. An haife su ne a littattafai uku na kamfanin Tokyopop da suka fito tsakanin 2005 da 2007, rubutun Richard A. Knaak, zanen Kim Jae-hwan ɗan Koriya ta Kudu. A 2008 suka bayyana a ƙarshen yaƙin Sunwell a cikin wasa, Anveena ta sadaukar da kanta, Kalec yana kiran sunanta. Wanda ya karanta littattafan ya ji abin a ransa. Wanda bai karanta ba yana jira ne a gama magana ya kwashi ganima. Ƙa'idar da ya kamata a riƙe ita ce: duk abin da ɗan wasa yake buƙata don ya fahimci abin da ke gabansa, a sa shi a cikin wasan. Littafi ya zurfafa, kada ya zama mabuɗin da aka ajiye a wani gida.

Rabin ƙarshe na jerin WildStorm, inda Louise Simonson ta shigo rubutu tare da mijinta, ya faɗa wani ramin dabam. Aka ƙirƙiro Med'an, ɗan Garona da matsafi Medivh, jininsa ya haɗa jinsi uku na halittun duniyar, mutum da orc da draenei, kuma ya iya fannoni da yawa na ƙarfi a lokaci guda, tsafi da kiran iskokin ƙasa da Haske mai tsarki. A labari zalla wannan ba laifi ba ne. Amma Warcraft an gina ta ne a kan rabon aiki: mai tsafi dabam, mai warkarwa dabam, mai tare duka dabam, kowa ya zaɓi ɗaya ya haƙura da sauran. Yaron da ya haɗa duka ya karya dokar da kowane ɗan wasa yake rayuwa a ƙarƙashinta, kuma idan yana nan, me ya sa za a nemi mutum 25 su je su yaƙi wani? Jerin ya tsaya a fitowa ta 25 a ƙarshen 2009, WildStorm kanta aka rufe ta a ƙarshen 2010. Med'an bai taɓa shiga wasan ba. A juzu'i na uku na littafin tarihin duniyar da Dark Horse ya buga a 2018, an sa sunansa a jerin sunaye na baya, aka ce a duba shafi na 404, lambar da intanet take nunawa idan abin da kake nema babu shi.

Abin lura, daga wannan jerin ne Valeera Sanguinar da Broll Bearmantle suka fito, abokan Lo'Gosh a fagen dambe, kuma su an karɓe su hannu bibbiyu. Valeera ta shiga wasan, ta kuma zama ɗaya daga cikin jarumai 9 na farko a wasan kati na Hearthstone a 2014. Bambancinsu da Med'an shi ne kowannensu ya dace da aji guda da 'yan wasa suka sani, kuma ba su fi ƙarfin duniyar ba.

Idan ana neman misalin da aka yi daidai daga farko har ƙarshe, Ashbringer ne, fitowa 4 kacal tsakanin 2008 da 2009, rubutun Micky Neilson, wanda a lokacin ma'aikacin Blizzard ne. Takobi ne da 'yan wasa suka daɗe suna jin labarinsa guntu-guntu, wasu ma sun sami gurɓataccensa a yaƙin Naxxramas na cikin wasan tun 2006. Littafin ya ba da yadda aka ƙera shi, yadda Alexandros Mograine ya yi yaƙi da shi, yadda ɗansa Renault ya ci amanarsa ya soke shi da shi, da abin da ƙaramin ɗan, Darion, ya yi don ya ceci ran mahaifinsa. Kusan duk wannan ya faru ne a inda ɗan wasa ba ya nan. Labarin gida ɗaya ne, mutanensa kaɗan ne, mai zane zai iya riƙe fuskokinsu. Ya ƙare a daidai inda wasan yake ɗauka, lokacin da sabon ɗan wasa mai ajin jarumin mutuwa ya haɗu da Darion yana shugabansa. Wanda bai karanta ba zai buga ya gane komai, wanda ya karanta kuma zai kalli Darion da wani ido.

Daga baya Blizzard ta bar tsarin wata-wata mai dogon zango. Kafin fitowar Legion, wani ƙarin wasan, a 2016 ta saki gajerun komik guda 4 a intanet kyauta, kowanne a kan mutum ɗaya ko wuri ɗaya, ɗaya a kan Magni, ɗaya a kan Suramar, ɗaya a kan Highmountain, ɗaya a kan Anduin. Gajeren labari ana iya gama shi kusa da ranar fitowar wasan, don haka agogon biyu ba sa nisa da juna. Da yake kyauta ne, a shafin kamfanin, wanda zai buga wasan yana iya karantawa kafin ya shiga. Sannan a allo ake karantawa, koren wutar aljanu yana fitowa yadda yake a wasa.